Ajiyar da Ba a Nemi Yardar Mai Karɓarta Ba

A tsibirin Olkiluoto na ƙasar Finlan, tun daga shekarar 2004, ma'aikata suke ta fafe dutse suna gangarawa cikinsa, har suka wuce zurfin mita 400, domin su tanadi makwanci ga wani abu da mutane suka ƙaga da hannunsu sa'an nan suka rasa inda za su kai shi, watau ragowar sandunan yuraniyom da aka gama amfani da su a tashoshin lantarki na nukiliya. Wannan rami, wanda suka raɗa wa suna Onkalo, an tsara shi ne bisa sharaɗin ya tsare abin da ke cikinsa har shekara 100,000, alhali kuwa ba a san wata daula ko wani rubutu na 'yan Adam da ya kai ko ushurin wannan adadi ba. Mas'alar da ta tsaya mini a rai ita ce, shin ya halatta ga mutanen wani zamani su ɗora wa waɗanda ba a haifa ba ajiyar da ba su roƙa ba, kuma da wane irin sani ne mai gajeren kwana zai ɗauki alkawari mai wannan tsawo? Zan shiga ta wata 'yar ƙofa da mai karatu zai iya rainawa, ita ce ruɓin ganye da saiwa da ƙananan halittu wanda ke narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin a nan ne iyakar sanin masana ta fi fitowa fili.

Sandar yuraniyom idan ta fito daga tukunyar nukiliya tana ɗauke da ƙwayoyin zarra iri-iri masu fitar da tururi mai cutarwa, kowane iri kuwa Allah ya yanka masa wa'adin da rabinsa ke gushewa a ciki, wanda zafi ko sanyi ko haɗin sinadarai ba sa gajarta shi. Na siziyom 137 shekara 30 ne kacal, na fulutoniyom 239 kimanin 24,000, na teknishiyom 99 ya haura 200,000, na aidin 129 kuwa ya kusa miliyan 16. Dabarar da mutanen Finlan suka ɗauko daga maƙwabtansu na Suwidin ita ce a rufe sandunan cikin kube na jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, a kewaye kuben da yumɓun bentonayit, wanda ke kumbura ya toshe kowace kafa idan ya sha ruwa, sa'an nan a bar dutsen ya zama shamaki na ƙarshe. Duk da haka ƙa'idar aikin ta wajabta musu su ƙaddara cewa wata rana wani kube zai ɓule, idan kuwa ya ɓule, hanyar da abin da ke ciki zai bi ya iso ga mutane ita ce ruwan da ke tsiyaya ta tsagogin dutse. Ilmin gaba ɗayansa sai ya koma ga tambaya guda: me ruwa zai iya ɗauka, kuma da wane sauri?

An daɗe amsar tana kwantar da hankali, gama fulutoniyom da ɗan'uwansa amerisiyom ba su cika narkewa ba, ɗan abin da ya narke kuma yakan manne wa dutse da yumɓu da zarar ya taɓa su. Amma a 1998 John McCarthy da jama'arsa suka nuna a Oak Ridge ta Amurka cewa amerisiyom da kuriyom suna fita daga tsofaffin ramukan shara suna bin ruwa, kuma abin da ya ɗauke su shi ne ruɓin tsirrai da ke narke cikin ruwan wurin. Shekara ta zagayo, Annie Kersting da abokan aikinta suka bayyana cewa sun sami fulutoniyom a wata rijiyar awo a hamadar Nebada, kilomita 1.3 daga inda aka tashi wani bam a ƙarƙashin ƙasa a 1968, a can kuwa ƙananan ɓarɓashin ma'adinai ne suka ɗauke shi. Abin da aka samu a Nebada kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa ya girgiza ƙa'idar da aka gina lissafi a kanta.

Wannan ruɓi ba baƙo ba ne ga kowa daga cikinmu. Wanda ya taɓa ɗibar ruwa a tafkin da itatuwa suka yi wa rumfa, bayan damina ta janye ganye ya zuba ya jiƙa, ya san yadda ruwan ke rinewa ya yi ja-ja mai duhu, ko an tace shi da ƙyalle, ko an bar shi ya kwana a randa, launin ba ya kwantawa, domin jikin ganyen ne da kansa ya narke a ciki. Masana sinadarai sun kasa abin da ke rina ruwan kashi-kashi, mafi shahara su ne waɗanda suke kira humik da fulbik, suka kuma gano cewa kowace ƙwaya daga cikinsu tana da gaɓoɓi masu yawa masu riƙe ƙarfe, ta yadda idan zarrar amerisiyom ko fulutoniyom ta gamu da ita sai ta kama ta ta fuskoki da dama. Zarrar da aka riga aka kama ba ta sāke manne wa dutse yadda ta saba, hukuncinta ya zama hukuncin mai riƙe da ita, in ya tafi ta tafi, in ya tsaya ta tsaya.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin fiƙihu. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa ƙananan littattafan da ake fara karatun zaure da su, sun rataya hukuncin ruwa ga siffofi uku, launi da ɗanɗano da ƙanshi, suka kuma yi rangwame ga ruwan da ya sauya saboda mazauninsa, kamar laka, ko saboda abin da ya tsira daga gare shi, kamar gansakuka, har wasunsu suka shigar da ganyen da ke faɗawa rijiya idan kiyaye shi ya yi wuya. Hukuncin nan daidai yake a babinsa, domin magana suke yi a kan tsarkin ibada, Shari'a kuwa ba ta ɗora wa mai alwala abin da gaɓoɓinsa ba za su riska ba. Amma babin cutarwa dabam yake da babin tsarki. Ruwa yana iya zama garau, ba launi ba wari, alwala ta inganta da shi, alhali shansa yana cin ƙashi da ɓargo sannu a hankali. Ruɓin ganyen da fiƙihu ya yafe saboda asalinsa mai tsarki ne, shi ne kuma zai iya zama abin hawan dafi. Mun shigo zamanin da mutum ba zai iya kare kansa da idonsa da harshensa da hancinsa ba, tilas ya dogara ga shaidar mai na'ura, duk wanda kuwa aka tilasta wa jama'a dogara ga shaidarsa, nauyin gaskiya a kansa ya ninka.

Daga cikin wuraren da aka fi daɗewa ana binciken wannan al'amari akwai garin Mol na ƙasar Beljiyam, inda tun 1980 aka fara haƙa ɗakin gwaji mai suna HADES, a zurfin kimanin mita 225, cikin wani shimfiɗaɗɗen yumɓu da ake kira Boom, wanda ya kwanta a ƙasan wani tsohon teku kimanin shekara miliyan 30 da suka shuɗe. Yumɓun nan mai duhu ne, mai danƙo, ruwa ba ya ratsa shi sai da ƙyar, kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na nauyinsa kuwa ragowar halittu ne. Idan aka soka masa bututu mai matata aka yi haƙurin jira, ruwan da ke ɗigowa cikin kwalba yakan fito rawaya mai duhu, alamar cewa halittun da suka mutu tun wancan zamani har yanzu wani abu nasu yana yawo. Mafi yawan ragowar daskararriya ce, tana manne cikin yumɓu, ita kuwa takan kama zarra ta riƙe, ta zama ƙarin kurkuku. Ɗan kaɗan ne ya narke, shi ne ke ƙara yawan amerisiyom da teknishiyom da ruwa ke iya ɗauka. Amma ko a cikinsa ba duka ke wucewa ba, domin kafofin yumɓun matsattsu ne, suna tsare manyan ƙwayoyi su saki ƙanana, kamar yadda rariya ke tsare tsaki ta saki gari. Riƙon da ƙaramar ƙwaya ta yi wa zarra kuma ba na dindindin ba ne, tana iya sakinta a hanya yumɓu ya cafke. Saboda haka amsa ta rataya ga saurin saki da saurin tafiya, wanne ya riga wanne, abin da ake aunawa cikin 'yan shekaru a kan ɗan guntun yumɓu, sa'an nan a miƙa shi da lissafi a kan gomman mitoci da ɗaruruwan ƙarnuka.

Ruɓin nan kuma abinci ne ga halittun da ido ba ya gani, waɗanda aka tarar suna rayuwa har cikin zurfin dutse. Idan suka ci sukan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, wannan kuwa alheri ne, gama yuraniyom da teknishiyom suna tafiya ne inda akwai ta, inda babu ta sai su daskare su kwanta. Amma daga cikinsu akwai masu juya gishirin farar wuta ya zama wani sinadari mai cin jan ƙarfe, shi ne babban abin tsoro ga kuben Onkalo, shi ya sa ake matse bentonayit ƙwarai don kada su sami sararin motsi. Abu guda ke nan yana ɗaurewa yana kwancewa, gwargwadon girmansa da halin ruwan da ya sami kansa a ciki.

Malaman tauhidi, musamman Shehu Sanusi na Tilimsan wanda aka daɗe ana karanta littattafansa a ƙasar Hausa, sun kasa hukunci uku: na Shari'a, da na hankali, da na al'ada. Na al'ada shi ne wanda ake tabbatarwa ta hanyar maimaituwa, kamar ƙunar wuta da ƙoshin abinci, bisa yadda Allah ya gudanar da sunnarsa cikin halitta. Dukkan ilmin da muka ambata na wannan kashi ne, ban kuwa faɗi haka don in ƙasƙantar da shi ba, gama da hukuncin al'ada likita ke yin magani, manomi ke yin shuka, wanda ya yi watsi da shi da sunan tawakkali kuma ya saɓa wa Shari'a da hankali baki ɗaya. Sai dai ƙarfinsa yana cikin maimaituwa, a nan kuwa gizo ke saƙar, domin ba wanda ya taɓa binne fulutoniyom shekara 100,000 ya tono ya gani ko sau ɗaya. Abin da ke hannun masana guntaye ne, kowanne tabbatacce a ɗakin gwaji, aka harhaɗa su da kwamfuta aka gina hasashe a kai. Matsayin irin wannan sani a ma'aunin malaman usulu shi ne rinjayen zato, bai sauka zuwa shakka ba, bai hau zuwa yaƙini ba. Adalci ne a faɗi cewa rahotannin masanan cike suke da sharuɗɗa da togaciya. Masu talla da masu mulki ne ke zubar da sharuɗɗan kafin magana ta iso kunnen talakawa.

Akwai wata hujja da ake yawan kawowa, wadda ta cancanci a tsaya a kanta, daga nahiyarmu kuma ta fito. A 1972 masu awo a masana'antar Pierrelatte ta Faransa suka lura cewa yuraniyom ɗin da aka kawo daga mahaƙar Oklo ta ƙasar Gabon ya gaza kaɗan wajen nau'in nan na 235 mai kama wuta: kashi 0.720 cikin ɗari aka saba samu, wannan kuwa 0.717. Da aka bi diddigi sai aka tarar cewa kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, tukwanen nukiliya sun kunnu da kansu cikin dutsen, ba injiniya ba lebura, suka yi ta ci suna mutuwa suna tashi fiye da shekara 100,000, abin da wani masani, Paul Kuroda, ya yi hasashen yiwuwarsa tun 1956. Tsarki ya tabbata ga wanda ya riga kowane mai ƙira. Fulutoniyom ɗin da ya samu a wurin kusan bai gusa ba har ya ƙare, a wasu daga cikin tukwanen kuma wata irin kwalta ce, wadda asalinta ragowar ƙananan halittu ne, ta lulluɓe ƙwayoyin yuraniyom ta daskare a kansu. Sai aka ce, ƙasar da ta riƙe amana shekara biliyan 2, me zai hana ta riƙe ta shekara 100,000?

Wannan ƙiyasi ne, ƙiyasi kuwa ba ya inganta sai asali da reshe sun haɗu a kan illa. Ragowar halittun da ta yi tsaro a Oklo daskararriya ce, ba ta tafiya, alhali wadda ke rina ruwan Mol narkakkiya ce mai yawo. Ko a Oklo ɗin ma ba kome ne ya zauna ba, siziyom da aidin galibinsu sun fice. Abin da Oklo ta tabbatar shi ne yiwuwa, cewa ƙasa tana iya tsarewa idan sharuɗɗa sun cika. Wanda ya ɗauki hukuncinta ya ɗora wa wani rami ba tare da ya binciki ruwansa da yumɓunsa da ruɓinsa ba, ya yi ƙiyasi tare da bambanci, shi kuwa ɓatacce ne a wurin malaman usulu, haka ma a wurin masana ƙasa.

To, mene ne hukunci? A babin ajiya, mutum ba ya zama mai ajiya sai ya karɓa da yardarsa, waɗanda za su zo bayanmu kuwa ba a tambaye su ba, ba su kuma sha hasken wutar da ta haifi sharar ba. Saboda haka al'amarin ya fi kusa da mas'alar wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a, wanda ramuwar abin da ya faɗa ciki take wuyansa ko da ba ya nan sa'ad da aka faɗa. Da tun farko ake tambaya, kafin a kunna tukunya ta fari, da na ce kada a soma abin da ba a shirya wa ƙarshensa ba. Amma sharar ta riga ta samu, tana zaune cikin tafkunan sanyaya da tulunan siminti a bayan ƙasa, inda yaƙi ko ambaliya ko rushewar hukuma za su iya riskarta, barinta a haka kuwa shi ma zaɓi ne, kuma shi ne mafi muni. Idan cutarwa biyu suka haɗu ba makawa ana ɗaukar mafi sauƙi, rinjayen zato kuma ya isa a yi aiki da shi, gama da shi alƙali ke yanke hukunci a kan shaidu biyu. Don haka ina ganin binnewa cikin zurfi, bayan an kai iyakar bincike, wajibi ne a kan waɗanda suka ci moriyar, da dukiyarsu, a ƙasarsu, a zamaninsu. Sai dai halaccin larura yana tafe da sharuɗɗansa: kada a kira zato yaƙini, kada a ɓoye awon da ya saɓa wa abin da ake so, kada kuma a mai da rangwamen da aka samu saboda abin da ya riga ya auku ya zama izinin tara wani ba tare da tanadin makwancinsa ba.

Wani zai ce, ina ruwanmu da shekara 100,000, wa ya san ko duniya za ta kai? Lalle ilmin Sa'a yana wurin Allah shi kaɗai, amma wannan jahilci namu shi ne ya hana mu kafa hujja da shi. Wanda bai san ranar tashi ba, ba shi da ikon ƙaddara ta kusa domin ya sauke wa kansa nauyi, ba mu kuma ji wani malami ya halatta zuba dafi a rijiya bisa zaton ƙila masu sha ba za su zo ba. Rai da zuriya suna cikin abubuwan da Shari'a ta zo domin kiyayewa, ba ta kuwa iyakance zuriya ga jika da tattaɓa-kunne ba.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka magana ce ta Turawa kawai, gama farkon silsilar yana kusa da mu. Yuraniyom ɗin Arlit da Akokan, a arewacin Jamhuriyar Nijar, inda Hausawa da yawa suka nemi abinci suka haifi 'ya'ya, ruwa ne ya wanko shi daga duwatsun Abzin a zamanin dā, ya bi da shi ta cikin dutsen yashi har ya iso inda ragowar tsirrai ta kwanta, a nan ya daskare ya taru. Ragowar tsirrai ce ta ɗaure shi miliyoyin shekaru, mutane suka zo suka kwance. Tun 1971 ake haƙarsa, a niƙa dutsen, a jiƙa shi da asid, a kwashe yuraniyom a fitar da shi waje, a bar tarkacen a fili, mafi yawan tururin kuwa a tarkacen yake saura, domin radiyom da toriyom ba sa bin yuraniyom zuwa kasuwa, na biyun kuma wa'adin rabinsa kimanin shekara 75,000 ne. Bayan an rufe mahaƙar Cominak ta Akokan a ƙarshen Maris 2021, ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta ambaci kimanin ton miliyan 20 na tarkacen da aka bari, a wuri mai iska, a yankin da gari ke shan ruwan ƙasa wanda damina ba ta sabunta shi. Gaskiya ne zafinsa bai kai na sandunan Onkalo ba ko kusa. Amma a can mita 400 na dutse aka tanada tsakanin shara da mutane, a nan kuwa rufi na mita 2 aka yi alkawari.

Hukuncin da ya hau kan mutanen Finlan shi ne ya hau kan waɗanda suka haƙa Arlit, da kamfani da hukumar da ta ci riba tare da shi, ba ya kuma faɗuwa saboda mai mallaka ya sauya. Ina kira ga malamanmu na Agadas da Tawa da Damagaram da Kano su zauna da masana ƙasa na jami'o'inmu su fahimci wannan babi, sa'an nan su nema da babbar murya a riƙa auna ruwan rijiyoyin Arlit da Akokan a kai a kai, ta hannun wanda ba shi da riba a mahaƙar, a kuma karanta wa mutanen garuruwan sakamakon da Hausa da Tamashak.